Gidan Katin da Yaya Ya Sassaƙa

Akwai ɗaki ɗaya a gidanmu da ba shi da ƙofa. Baba ne ya gina shi a hutunsa na ƙarshe, kafin a mayar da rundunarsu gabas, ya ce na Yaya ne in ya tashi aure. Ya yi rufi, ya yi daɓe, ƙofa kaɗai ta rage. Katakonta ma ya riga ya tanada: falankin madaci guda biyu masu faɗi da kauri, daga itacen da iska ta kayar a gonar kakanmu a Manga. Ya ɗora su a kan azarar ɗakin Mama, ya ce su sha iska su bushe, in ya dawo zai kai wa kafinta. Bai dawo ba. Jakarsa aka kawo mana, da takalmansa, da katin shaidarsa wanda Mama ta sa a cikin Littafi Mai Tsarki. Falankin nan suka yi ta zama a sama suna tara yana, shekara na bin shekara.

Ni ce auta, kuma ba ni da yawan magana. In malami ya kira ni a aji, ko na san amsar, sai in ji harshena ya yi nauyi kamar na wani. Yaya ne bakina. Shi ke gaya wa mai shago abin da nake so, shi ke amsa gaisuwar mutane a madadina in muna dawowa daga coci. Ba ya cewa in yi magana. Sai dai ya dube ni, ya ce, "Auta ta ce tana gaishe ku," mutane su yi dariya mu wuce.

A unguwarmu a Zuru, in yaro ya gama sakandare ba a tambayarsa abin da zai yi. Ana tambayarsa yaushe za a fara ɗaukar soja. Kakanmu ya yi, Baba ya yi, kusan kowane gida a layinmu akwai hoton mutum cikin kaki a bango, wasu an zagaye musu baƙin ƙyalle. Da asuba za ka ji ƙafafun samari suna gudu zuwa wajen dutse, suna shirin ranar da za a gwada su. Mama ba ta son jin wannan ƙarar. In sun zo wucewa sai ta ƙara ƙarfin shararta.

Shekarar da nake aji uku na ƙaramar sakandare, ita da Yaya suka yi wata yarjejeniya. A gabana aka yi, ina tsince wake. An buɗe wata cibiyar koyon sana'a kusa da makarantarmu, Yaya ya shiga ɓangaren katako. Mama ta ce da yarenmu, wanda take komawa gare shi in magana ta yi nauyi, "Ka ba ni wannan shekarar. In sana'ar ta kama, ka zauna. In Kirsimeti ta zo ba ta kama ba, ba zan tare maka hanya ba."

"Ko da kuka?" in ji Yaya.

"Kukana nawa ne. Na ce ba zan tare ka ba."

Daga nan na fara lura da Kirsimeti kamar yadda ake lura da hadari.

A cibiyar akwai wani inji da ba a taɓa ganin irinsa a garin ba, injin sassaƙa da kwamfuta ke tuƙawa. Teburi ne shimfiɗaɗɗe kamar gado, da wani hannun ƙarfe da ke tafiya a kansa gaba da baya, hagu da dama. A ƙasan hannun akwai baki siriri kamar ƙusa, mai juyawa da gudun da ido ba ya gani. Mutum zai zana abin da yake so a kwamfuta, ya danne katako a kan teburin da ƙarafa, ya nuna wa injin kusurwar da zai fara, sai ya ja baya ya naɗe hannu. Injin ya yi ta kuka yana cin katako har abin ya fito. In an tashi daga makaranta can nake zuwa in jira Yaya mu koma gida tare. Ina zama a kan wani benci kusa da taga, jakata a cinya. Malamin wurin, wani dogon mutum mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare, ya saba da ni har ya daina ganina.

Yawancin masu koyo tsoron kwamfutar suke yi. Yaya kuwa ya kama ta da wuri. Na lura in yana zane yana ciza leɓensa na ƙasa, kamar yadda Baba ke yi a hoton da aka ɗauke shi yana ɗaure takalmi. Sai dai aikin da ake kawowa kaɗan ne. Allon sunan coci, allon makarantar kuɗi, wani lokaci gicciyen kabari. Kujera da gado mutane wajen kafintocin da suka sani suke kaiwa. Damina ta wuce, aka fara yankan dawa, sana'a ba ta kama ba. Kowa a gidan ya sani, ba wanda ya faɗa.

Wata Asabar muna dawowa daga kasuwa, inda Mama ke auna hatsi, wani mai shagon kayan babur ya kira Yaya. Mutumin kudu ne, ya daɗe a Zuru har 'ya'yansa sun fi shi Hausa, kowa Oga yake ce masa. Yaya ne ya sassaƙa masa allon shagonsa.

"Ɗan soja! Zo ka ga wani abu."

"Ni ba soja ba ne, Oga."

"Duk ɗan Zuru soja ne, sai wanda ba a auna ƙirjinsa ba tukuna. Duba nan. Injin naku zai iya wannan?"

Ya miƙo wayarsa. Hoton wani ɗan ƙaramin abu ne na katako a kan teburin ofis, kamar ƙaramin kwami, an jera katunan kasuwanci a cikinsa a tsaye, irin waɗanda ake buga sunan mutum da lambar wayarsa. Oga ya ce yana so a yi masa da yawa, da sunan shagonsa a gaba, ya raba wa manyan da yake sayen kaya a wurinsu da waɗanda ke saye a wurinsa, kyautar Kirsimeti, kowanne da katunansa a ciki. Ya ce in sun yi kyau, 'yan ƙungiyar garinsu da ke Yawuri da Kwantagora duk za su so, ga masu otal, ga masu kemis.

"Aiki zai bi ka har ka gudu," in ji shi. "Ka ga wannan ƙanwar taka da ba ta magana? Har ita sai ka ɗauka aiki."

Na ɓuya a bayan Yaya.

"To ba ni katinka ɗaya in auna," in ji Yaya.

"Yana Onica, ana bugawa. Zai zo tare da kayan Kirsimeti. Mene ne na awo, abokina? Kati ai kati ne."

A hanya tafiyar Yaya ta canza, sai da na riƙa haɗawa da ɗan gudu.

Na farko da ya yi da farin katakon kasuwa ne. Ya fito da kyau, muka kawo shi gida muka ajiye a taga. Kafin mako ya zagayo ya karkace, gefe ɗaya ya tsage. Malamin ya juya shi a hannu ya ce katakon kasuwa ɗanye ne, jiya yana daji yau yana shago. Ƙaramin aiki irin wannan sai katako mai tauri da ya shekara yana bushewa, irin wanda ba a samu a Zuru sai a tsohon gida. Yaya ya zagaya wajen masu katako har Dabai, bai samu ba. Ya ba Mama labari yana cin tuwo, kamar abin dariya ne. Ni na ga idonta ya tafi sama sau ɗaya ya dawo.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, ko ɗankwalinta ba ta cire ba, ta ce Yaya ya ɗauko turmi ya kifa a tsakar ɗakinta.

"Hau ka sauko da su."

"Mama, na ƙofa ne."

"Na san na mene ne. Ni na riƙe wa ubanku turmin lokacin da ya ɗora su."

"In na yanka, da me za a rufe ɗakin?"

"In kana nan za ka sayi wata ƙofar. In ba ka nan, wa zan rufe a ciki?"

Ya hau. Ƙura da kashin ɓera suka zubo mana a ka. Da aka fito da su rana Mama ta goge su da tsumma mai ruwa, sai jan madacin ya fito, ja mai duhu kamar zoɓon da ya kwana. A gefen ɗaya akwai alamar fensir da Baba ya yi, inda za a sa ƙarfen ƙofa. Mama ta bi wurin da tsumma a hankali, ba ta goge shi ba.

Da yamma aka yi awo. Tun da ba katin Oga, Yaya ya ce kowa ya kawo katin da yake da shi. Ya fito da katin zaɓensa da na banki. Mama ta kawo nata na zaɓe daga ƙullin zane. Ni na kawo na makaranta. Daga ƙarshe ta buɗe Littafi Mai Tsarki ta zaro na Baba. Yaya ya haɗa su wuri ɗaya, ya buga gefensu a kan tabarma kamar mai shirin raba karta. Duka suka daidaita, babu wanda ya fi wani ko da gashi ɗaya.

"Kin gani, Auta? Na gwamnati, na banki, na makaranta, na soja. Duk duniya girman kati ɗaya ne."

Na shafa gefen da yatsa. Santsi ne kamar abu guda. Ni ma na yarda, Mama ma ta yarda. Ba mu taɓa riƙe wani irin kati ba.

Ya auna na Baba, domin shi ne bai lanƙwashe ba, ya ƙara ɗan kaɗan a kai. Ya ce ba ya son katunan su riƙa rawa a ciki, yana so su zauna daram kamar harsashi a gidansa. Da ya faɗi haka Mama ta tashi ta shiga madafa.

A kwamfuta ya jera gidajen katin a kan hoton falankin, kusa da kusa, ya matse su har ba sauran wuri. Ya rage kaurin bangon kowanne don ya samu ƙarin layi ɗaya. Malamin ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Bangon nan bai yi siriri ba?" Yaya ya ce madaci ne, zai riƙe. Malamin ya ce haka ne, madaci zai riƙe.

Ranar da aka ɗora falanki na farko a kan injin na ajiye jakata na matso. Bakin ya sauko a hankali, ya taɓa katakon, kukan injin ya canza ya yi kauri. Yana fara haƙa ramin tsakiya, ya zagaya, ya sauka kaɗan, ya sake zagayawa, kamar kaza mai gyara wurin ƙwai. Sannan ya bi gefe ya yanke siffar, ya bar 'yan ƙananan gadoji da ke riƙe da ita don kada ta tashi ta bugi mutum. Garin katakon ja ne, yana tashi yana sauka a kan farar safata. Yana da ɗaci. Ko bakinka a rufe yake sai ka ji shi a maƙogwaro, ɗacin maganin zazzaɓin da kakarmu ke dafawa da ɓawon itacen. Na ga bakin injin ya nufi alamar fensirin Baba, ya bi ta kanta bai tsaya ba.

Aikin ya ɗauki makonni, saboda wuta. In an ɗauke ta a tsakiyar yanka, injin yakan manta inda yake, sai an koma kusurwa an sake nuna masa. Akwai janareta, amma mai sai wanda yake da aiki ya kawo. Wasu ranakun haka za mu zauna, ni a benci, shi a ƙasa ya jingina da ƙafar injin, muna kallon ƙwan fitila. Abokansa masu gudun asuba sukan leƙo ta taga.

"Injiniya! Yau ma kwamfutar ce ke aiki kai kana hutawa?"

"Akwatin gawar ɓera yake yi, ku bar shi."

"Ka zo mu gudu, kafinta. Katako ba ya biyan fansho."

"Ku je ku auna ƙirjinku," in ji Yaya. "Wancan ma ko ƙirjin ba shi da shi, sai haƙarƙari."

Suna dariya suna tafiya. In sun tafi yakan daɗe yana kallon tagar.

Da aka gama, falankin biyu suka zama kamar raga, ramuka jere da ramuka. Malamin ya ce a jefa a wuta. Yaya ya ɗauro su a bayan keke ya kawo gida, ya jingina a bayan rumbu.

Gugar a gida muka yi, mu uku, a ƙarƙashin mangwaro. Samfefa mai kaushi tukuna, sannan mai laushi, sannan Mama ta kawo man kaɗanya muka shafe su da tsumma. Man na shiga, jan ya yi zurfi, sunan shagon Oga ya fito baƙi a gaba. Kowanne aka gama, Yaya zai sa katin Baba a ciki ya gwada. Yana shiga da wata 'yar ƙara, kamar an rufe baki. Mama ta riƙe ɗaya a tafin hannunta ta daɗe tana juyawa.

"Ashe ƙofa tana haihuwa," in ji ta.

Ranar na ji tana waƙar coci a madafa, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Na so in ji daɗi, amma na kasa. Ban san wani abu ba, ba wai na hango ba ne. Haka dai nake, in abu ya yi kyau sai in fara neman inda zai fashe.

Saura kwanaki kaɗan Kirsimeti kayan Oga suka iso. Muka jera gidajen katin a cikin babban daron Mama, muka rufe da sabon zane. Yaya ya sa rigarsa ta coci. Shagon cike yake da kwalaye da 'yan acaɓa masu jiran a buɗe kaya. Da aka yaye zanen sai kowa ya matso. Oga ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya ɗaga sama ya nuna wa maƙwabcinsa mai sayar da taya.

"Ka gani? A Zuru aka yi wannan! Ba Legas ba, ba Caina ba. Yaron nan ya yi!"

Ya shiga ciki ya fito da wani ƙaramin kwali, ya yage ledarsa da haƙori. Katunan farare ne masu sheƙi, da hoton babur ja a kusurwa. Ya ɗebi kaɗan, ya daidaita su, ya kai bakin ramin.

Ba su shiga ba.

Ya juya su ya sake gwadawa. Gefe ɗaya ya shiga, ɗayan ya hau kan bango ya tsaya. Ni ina daidai tsayin teburin, don haka na ga abin da ya rage sosai. Bai fi tsawon ƙwayar dawa ba. Oga ya ɗauki wani gidan, ya ɗauki wani. Duk ɗaya suke, injin ba ya kuskure, abin da aka ba shi ya maimaita. Ya danna da babban yatsa, katunan suka lanƙwashe suka yi tsalle suka watse a ƙasa.

Yaya ya zaro katin zaɓensa daga aljihu ya ɗora a kan na Oga. Na Oga ya leƙo ta gefe.

"Amma Oga, kai ka ce kati kati ne."

"Na ce. Ni ma haka na sani." Ya sosa kai. "Waɗannan mutanen Onica, me ya sa suka yi shi dogo?"

"A sa almakashi a rage katin mana," in ji wani ɗan acaɓa.

Mai taya ya ɗauki ɗaya ya duba. "In ka rage nan, lambar ƙarshe ta wayarsa ta tafi. Sai a riƙa kiran wani a Sakkwato ana tambayarsa taya."

Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce. Oga bai yi dariya ba. Ya dafa kafaɗar Yaya.

"Ba faɗa, ɗan soja. Aikinka mai kyau ne. Koma ka ce wa injin ya ƙara buɗe bakin kaɗan. Ina jira."

Wannan karon Yaya bai ce shi ba soja ba ne.

Washegari aka samu wuta tun safe, kamar da gangan. Ba makaranta, an yi hutu, amma na bi shi. Ya danne gidan kati ɗaya a kan teburin, ya gyara zanen, ya tayar da injin. Bakin ya sauka cikin ramin ya fara cin bangon gefe. Bangon da ya rage wa kauri don ya samu ƙarin layi. Na ga haske ya fara ratsa katakon, ya zama kamar ɓawon albasa, sai ya yi ƙara ya ɓalle. Ya sa na biyu, ya rage gudun injin. Ya ɓalle. Ya gwada cin gefe ɗaya kawai. Wannan ya tsaya, amma da ya ɗauka ya sa yatsa, bangon ya tsage har ƙasa. Ya nemi kurfi, ƙarfen sassaƙa, ya gwada da hannu, a hankali, yana ciza leɓe. Madacin da ya shekara yana bushewa ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi.

Ya miƙa hannu zai ɗauki wani, malamin ya riƙe daron.

"Ya isa haka. Bar sauran su zauna da kyansu."

"Su zauna su yi me, Malam? Sunan mutum ne a jikinsu. Wa zai saya?"

Malamin ya cire tabarau ya goge, ya mayar. 

Da muka shiga gida Mama tana tankaɗe. Ta dubi daron a kaina, ta ga yadda zanen ya cika kamar yadda ya fita. Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce akwai kunu a kwano.

Oga ya jira har jajibiri, sannan ya raba katunansa a cikin leda. Ya aiko yaronsa da shinkafa da kaza, ya ce a gaida Mama. Muka dafa, muka ci, ba wanda ya ambaci inda ta fito. A coci aka yi ta rawa, mata suna guɗa. Mama ta tsaya a layinsu tana tafi, amma tafinta ba ya bin ganga.

Bayan Kirsimeti da kwana biyu ko uku, da asuba, na ji ƙafafun samari sun taho. Sai na ji ƙyauren gidanmu ya buɗe, ya rufe. Ƙafafun suka ƙaru da ɗaya. Na san tafiyarsa, yana ɗan jan ƙafar hagu. Na saurara in ji tsintsiyar Mama. Ranar ba ta yi shara ba.

Sau ɗaya na yi masa magana a kai. Yana wanke takalmin gudunsa a bakin rijiya, na tsaya a bayansa har ya juyo.

"Yaya, ka sake yi. Yanzu ka san girman."

Ya dube ni kamar bai san muryar ba.

"Da wane katako, Auta?"

Na duba ƙasa.

"Kuma Kirsimeti ta wuce. Mama ta cika nata. Kina so ni in ƙi cika nawa?"

Ina so. Amma maganata ta ranar ta ƙare.

An ɗauke shi a karon farko. An ce ƙirjinsa ya kai, gudunsa ya yi. Maƙwabta suka zo yi wa Mama barka, wata tsohuwa ta ce jinin ubansa ne. Mama ta ce, "Na gode, na gode," tana miƙa musu ruwa. Ranar tafiya ya aske kansa, kunnuwansa suka fito manya kamar na yaro. A tasha bai yi dogon sallama ba. Ya ce wa Mama ta riƙa shan maganinta, ya ce mini, "In an gaishe ki, ki amsa. Ba mai amsa miki yanzu." Mama ta cika alkawari, ba ta tare shi ba. Kukan ma sai da muka dawo gida, ta shiga ɗaki ta yi abinta.

Yanzu ina ajin ƙarshe. Yaya ya gama horo, an tura su inda ba ya faɗa mana sunansa. Yana kira in sun samu sabis, muryarsa tana yankewa, yawanci tambaya yake ko an yi ruwa. In waya ta yi ƙara da lambar da ba mu sani ba, Mama ba ta ɗauka, ni take miƙo wa, ni da ba na magana. Cibiyar tana nan. An mayar da malamin wani gari, bakin injin ya karye ba a samu wani ba. In na wuce nakan leƙa ta taga, an lulluɓe shi da tamfol, an ɗora kujeru a kai.

Gidajen katin sun watse a hankali. Mama na zuba allura da maɓalli a wani, wani yana madafa da ashana a ciki, yaran maƙwabta sun kwashi wasu suna yin mota da su. Falankin nan masu ramuka kuwa, da awaki suka fara kwana a ɗakin Yaya, Mama ta ɗauko su ta gindaya a bakin ƙofar. Suna hana awaki. Kaji ta cikin ramukan suke shiga.

Guda ɗaya, wanda ya fi kyan ja, yana kan kanta a ɗakin Mama, an juya sunan shagon Oga ya fuskanci bango. Ta cire katin Baba daga Littafi Mai Tsarki ta sa a ciki. Da Yaya zai tafi ya bar katinsa na cibiya, ya ce ba shi da amfani a can, shi ma ta sa a bayan na Baba. Ranar Asabar ni ke goge kantar. Nakan ɗaga shi in girgiza a kusa da kunnena. Gefe da gefe ba sa motsi ko kaɗan, an yanka wurin daidai su. Gaba da baya ne suke ɗan kaɗawa, don ramin na katuna da yawa ne, biyu kawai ke ciki.